Gafakar Liman Da Rajistar Coci: Nazari Kan Tarihin Gidajen Malaman Karkara

Bara da kaka, lokacin da motocin rake suka fara cika hanyar Makarfi, na je gaisuwar mutuwa wani ƙauye da ba shi da nisa da Gazara. Limamin garin ne Allah ya yi wa cikawa. Kowa ya yarda ya haura tamanin, amma da nawa ya haura, nan bakuna suka rarrabu. Bayan sadakar uku, da jama'a suka rage, babban ɗansa, wanda ake sa ran shi za a naɗa, ya shiga cikin gida ya fito da wata gafaka wadda fatarta ta yi baƙi saboda hannu. Ya kwance igiyar a hankali, ya zaro takardu. Risala ce, rubutun hannu, gara ta ɗanɗana gefenta. A bayan warƙar ƙarshe akwai layi goma sha biyu, tawada iri-iri, hannun mutum uku. Haihuwar 'ya'yan gidan ce aka riƙa rubutawa. Wane, daren Talata, bakwai ga watan Cika-ciki. Wane, ranar Juma'a da hantsi, cikin Azumin Tsofaffi. Akwai rana, akwai wata, babu shekara ko ɗaya. Layi huɗu kuwa ko suna babu, an dai rubuta cewa mace aka samu.

Na ce, "Allah gafarta Malam, wa ya fara limanci a gidan nan?"

Ya ce, "Kakan kakanmu. Daga Barno ya zo."

"A wane zamani?"

Ya yi ɗan murmushi, ya ce, "To, tun kafin zuwan Nasara dai."

Iyakar abin da ke rubuce ke nan game da gidan da ya fi shekara ɗari yana ɗaura auren garin, yana raɗa wa jariransa suna, yana sallatar gawarsa.

Warƙar nan ta tsaya mini a rai, domin a kwanakin ina bin labarin wani gidan limamai na wata ƙasa, gidan da mutum biyu daga cikinsa suka sa hannu a al'amarin harshenmu, ɗayansu ma ya taka yankin nan namu da ƙafarsa. A wancan gida, kusan duk wanda aka haifa an san ranarsa da shekararsa, da makarantar da ya yi, da wadda ya aura, da inda aka binne shi.

A zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, kusan kowane ƙauye a Ingila yana da limamin cocinsa. Galibinsu daga jami'ar Oxford ko Cambridge suke fitowa. Ana ba liman gida, ana ba shi gonar coci, yana kuma da rabo daga ushirin amfanin gona, wanda doka ta mai da kuɗi a 1836. Shi ke yi wa jariri baftisma, shi ke ɗaura aure, shi ke binne mamaci, sau da yawa shi ke duba makarantar gari da marasa lafiya. Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu ya ji wannan zai ce ai wannan liman ne, sai dai babu rawani. Bambancin yana wajen alƙalami. Tun 1538 hukuma ta tilasta wa kowane coci ajiye rajistar baftisma da aure da jana'iza. A 1837 gwamnati ta fara tata rajistar haihuwa da mutuwa. Daga ƙidayar 1841 aka shiga rubuta sunan kowane mutum da ya kwana a kowane gida, har da barori. A 1858 kuma aka fara buga kundin Crockford, mai ɗauke da sunan kowane limamin cocin Ingila da inda ya yi karatu da garuruwan da ya riƙe. A kan waɗannan takardu wani nau'in rubutu ya tsiro: idan liman ya mutu, matarsa ko ɗansa ko ɗan'uwansa ya tattara wasiƙunsa, ya haɗa da labarin rayuwarsa, a buga. Yau kuma jikokin jikoki ne ke tono rajistoci suna harhaɗa asalin gidansu.

Gidan da nake nufi shi ne na Rabaran George Robinson, limamin cocin Keynsham, wani ɗan gari tsakanin Bristol da Bath, wanda daga baya ya koma wani coci a unguwar Everton ta Liverpool. Ba mai dukiya ba ne, amma Allah ya ba shi 'ya'ya goma sha uku, kuma gidan ya zama kamar tsangaya. Arthur ya zama babban limami a Canterbury. Armitage, wanda aka haifa a 1858, ya shugabanci limaman babban cocin Westminster daga 1902 zuwa 1911. Forbes ya koyar a Cambridge, ya mutu da ƙuruciyarsa a 1904, aka buga wasiƙun da ya rubuta wa abokansa. 'Yar'uwarsu Cecilia ta rubuta littafi a 1898 a kan hidimar mata a coci. Har jika ya ɗauka: John Robinson, ɗan Arthur, bishop ɗin Woolwich, shi ne ya girgiza Kiristocin Ingila a 1963 da wani ɗan littafi da ya sake tambayar yadda ake fahimtar Ubangiji, aka sayar da fiye da kwafi miliyan.

Namu a cikinsu su ne John Alfred da Charles Henry. John Alfred ya zo Neja a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta CMS. A 1890 shi da Graham Wilmot Brooke suka zauna Lakwaja, suna sa riga da rawani irin na Hausawa, suna koyon Hausa, da niyyar shigowa Arewa. Bai kai ko'ina ba, ya mutu a Lakwaja a 1891, Brooke ya bi shi a shekara mai zuwa. Don tunawa da shi aka kafa ƙungiyar nazarin Hausa a Landan, George Goldie na kamfanin Neja yana cikin manyanta, aka kuma zaɓi ƙanensa Charles ya ɗora daga inda ya tsaya. Charles ya fara zuwa Tarabulus da Tunis ya zauna da Hausawan can. Sannan ya biyo ta Lakwaja, ya iso Zariya a zamanin Sarki Yero, ya kama hanyar fatake da ta ratsa wannan yanki namu na arewacin Zazzau, ya shiga Kano a watan Disamba na 1894, ƙurar yaƙin basasar Tukur da Yusufawa ba ta gama kwantawa ba. Da ya koma gida ya buga labarin tafiyarsa da tarin waƙoƙin wa'azi na ajami a 1896, da nahawu a 1897, da ƙamus mai juzu'i biyu a 1899 da 1900. Ya koyar da Hausa a Cambridge. Ya mutu a 1925, bayan shekara uku aka buga tarihin rayuwarsa.

Duk wannan na zayyana shi ba tare da na je Ingila ba. Wannan shi ne ƙarfin al'adarsu, kuma ba zan rage mata komai ba. Mutumin da ya kwana ɗaya ko biyu a yankinmu, mun san sunan ubansa da ɗan ɗan'uwansa. Limamin da ya ja sallar magariba a garin da ya sauka, wanda mai yiwuwa shi ya aiko masa da fura, ko sunansa ba mu da shi.

Sai dai takarda mai yawa ba ita ce gaskiya mai yawa ba, kuma gidan Robinson ɗin nan shi ne hujjata. A Ingila an riƙe John Alfred a matsayin saurayin malami da ya ba da ransa wajen koyon harshen baƙi. A Najeriya akwai wani labarinsa. Yana cikin samarin Turawan mishan da suka tasa Bishop Samuel Ajayi Crowther a gaba, dattijon da ya haura tamanin, Ba'afirken farko da cocin Angalika ya naɗa bishop, tun 1864. Sun zargi limaman Afirka da ke ƙarƙashinsa da lalaci da son duniya, aka sallami wasu, aka dakatar da wasu. Rigimar ta kai maƙura a wani taro a Anacha cikin Agusta 1890, inda aka dakatar har da Dandeson, ɗan Crowther, a gaban idon ubansa. Crowther ya mutu ranar ƙarshe ta 1891. Bature aka naɗa a gurbinsa, daga baya Herbert Tugwell ya gaje kujerar, shi ne kuma ya jagoranci ayarin da ya zo Zariya da Kano a 1900, wanda Dokta Walter Miller yake ciki. Wannan ɓangare na labarin sai da masana tarihi 'yan ƙasa, J. F. Ade Ajayi a 1965 da E. A. Ayandele a 1966, suka shiga ɗakunan ajiyar takardun mishan suka baje shi. Abin lura, da takardun Turawan suka kama Turawan. Rajista da wasiƙa ba sa hana a yi wa mamaci kwalliya, amma suna barin ƙofa ga wanda zai zo daga baya ya wanke ta.

Haka kuma ƙamus ɗin Charles. Ba daga sama kalmomin suka faɗo masa ba. Akwai malamai da alhazai da 'yan kasuwa da suka zauna da shi a Tarabulus da Lakwaja da Kano, suna maimaita masa magana, suna warware masa baitocin ajami. Shi an yi masa littafi, su ba a yi musu ba. Tarihin gida, ko a ina aka rubuta shi, yana da wannan hali: fitilarsa tana haska 'yan ɗaki ne, wanda ke bakin ƙofa sai dai a ga inuwarsa.

Kuma kada a ɗauka su ba sa ɓatar da takarda. Francis Kilvert, wani ƙaramin limami a ƙauyen Clyro kan iyakar Wales, ya riƙa rubuta abin da ya gani kullum daga 1870 har mutuwarsa a 1879, makonni kaɗan bayan aurensa: tsofaffin da ya ziyarta, sanyin hunturu, talaucin manoma, 'yan matan da suka shiga ransa. An buga zaɓaɓɓun sassa tsakanin 1938 da 1940, aka yi ta yabo. Daga baya wata 'yar dangi ta hallaka yawancin littattafan, cikin ashirin da biyu uku suka tsira. Mu gara ke ci mana, su dangi ne, kuma dalilin dangin mun san shi sarai: kada a ji kunya.

To mu fa, me muke da shi? Ba daidai ba ne a ce ba mu da al'adar rubuta tarihin malamai. Muna da ita, kuma ta girmi Biktoriya. Ahmad Baba na Tambutu ya tattara tarihin malaman mazhabar Malikiyya tun ƙarshen ƙarni na 16. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri na 1812, ya kawo labarin malaman ƙasar Hausa da Barno da suka gabaci jihadi. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukhi musamman don ya lissafa malaman da ya yi karatu a gabansu da littafin da ya ɗauka wurin kowanne. Waziri Giɗaɗo ya tattara karamomin Shehu a Raudul Jinani. Nana Asma'u ta yi wa mutanen zamaninta marsiyoyi, mata da maza. A zamaninmu ga tarihin Abubakar Imam da aka buga a 1989, ga na Shaihu Abubakar Gumi a 1992, dukansu 'ya'yan gidan malamai ne da suka fara labarinsu daga iyaye da kakanni.

Wannan al'ada tana da wani abu da ta fi ta Ingila da shi, kuma ina ganin ba a cika lura ba. Bature yana bin jini ne: wane ya haifi wane. Malaminmu yana bin karatu: wane ya ɗauka daga wane. Salsalar ilimi ba ta tambayar ko ubanka mai rawani ne. Ɗan maƙeri da ya sauke Muhtasar a gaban babban malami ya shiga salsala, ɗan liman da bai yi karatu ba ya faɗi daga cikinta. Idan ka tambayi tsohon malami a Hunkuyi ko Paki tarihinsa, ba zai fara da ranar haihuwa ba. Zai ce maka a gida ya yi allo, ya tafi gabas ya yi tilawa, ya dawo birnin Zariya ya zauna a zauren wane ya karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya koma wurin wane don nahawu. Taswirar tafiyar ilimi ce yake zana maka, kuma wanda ya tattara irin wannan daga malamai hamsin na Ikara da Makarfi da Kudan zai ga da idonsa yadda karatu ya gudana tsakanin Barno da Kano da Katsina da unguwannin malamai na Zariya irin su Kona da Juma.

Amma rubutacciyar al'adar ta manyan birni ce da shugabannin jihadi. Limamin Kona da Limamin Juma'a suna cikin masu zaɓen Sarkin Zazzau, saboda haka gidajensu ba za su ɓace wa tarihi ba. Limamin ƙauyen da ke bayan Gubuchi ko Likoro, wanda bai wallafa littafi ba, bai riƙe tuta ba, bai yi alƙalanci ba, ba shi da gurbi a cikin littattafan tarihin malamai. Nasa tarihin a baki yake, kuma baki yana da nasa dokokin.

Ta farko ita ce asali. Na daɗe ina tambayar gidajen malamai a wannan yanki, kuma da wuya ka ji wanda ya ce kakansa nan aka haife shi, Bamaguje ne ya musulunta ya yi karatu. Kusan kowa daga Barno ya zo, ko daga Malle, ko dai daga gabas. Wasu gaskiya ne, domin hijirar malamai daga Barno zuwa Zazzau abu ne sananne, ga gidan sarautar Barebari ma a birni. Amma idan kowane zaure daga Barno yake, sai mutum ya fara tambayar wa ya rage a can. A ganina "daga Barno" sau da yawa shaidar karatu ce aka mai da ta shaidar jini. Kaka ya je gabas neman Alƙur'ani ya shekara goma ya dawo, jikoki suka taƙaita labarin. Akwai kuma abin da ba a faɗa ko kaɗan. Ƙasar Zazzau ƙasar rinji ce a ƙarni na 19, kuma a gidajen malamai da yawa akwai kakar da aka kawo daga kudu ba da son ranta ba. Ita ba ta shiga salsala, ko da kuwa ita ta haifi wanda ya fi kowa karatu a gidan.

Sai karama. Da zarar malami ya kwanta dama, labarinsa yakan fara canja kama. Ranar da ya yi roƙon ruwa ba a kai gida ba sai da aka jiƙe. Ɓarawon da ya shiga gonarsa ya kasa fita har gari ya waye. Ba na musun cewa Allah yana da bayinsa, kuma waɗannan labarai su ma shaida ce ta yadda jama'a suka ɗauki mutumin. Abin da ke damuna shi ne labarin ɓarawo iri ɗaya na ji shi a gari uku, a kan malamai uku. Karama takan zo ta zauna a kujerar abin da ya faru, ta kore shi. Ka tambayi yadda ya sasanta rikicin gona tsakanin gida biyu, ko abin da ya ce ranar da aka zo ɗaukar yara makarantar boko a 1976, sai a ce an manta. Ɓarawon kuwa ba a manta shi ba.

Inda na fi jin haushin rashin rubutu shi ne wajen abinci. Marubutan tarihin limaman Ingila sun san ko fam nawa kowane coci yake kawowa a shekara, don haka suna iya gaya maka wane liman ne ke hawa keken doki, wane ne matarsa ke yi wa riga faci. Mu kuwa kunya ta hana a tambayi da me liman yake ci. Alhali nan rayuwar take. Gonarsa da almajirai ke nomewa, wani lokaci da gayyar gari. Damin zakka da kaka. Zakkar kono da ƙaramar salla, fatar layya da babba. Goro da ɗan abin da ake miƙawa a ɗaurin aure da suna. Rubutun sha da laya, ga waɗanda ke yi. Ɗinkin hula ko saƙa da rani. Wannan tattalin arziki ne cikakke, wanda ya riƙe ilimi a karkara shekaru aru-aru ba tare da albashin kowa ba, kuma yana sauyawa a gaban idonmu. Limamin yau wataƙila malamin firamare ne, ko yana da shagon taki a kasuwar Makarfi, ko yana jiran abin da ɗan siyasa zai aiko da azumi. Nan da shekara talatin babu mai iya bayyana yadda na da ya rayu.

Haka zancen rigima. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978, da wuya ka sami gari a wannan yanki da bai ga rabuwar masallaci ba. A wasu gidajen uba yana wazifa, ɗa yana wa'azi a kanta a bakin kasuwa. Tambayar ko limanci gado ne ko na wanda ya fi sani, an yi ta da zafi, an ɓata zumunci, wani wurin har gaban hakimi. Wannan shi ne babban abin da ya sami gidajen limaman karkara a rabin ƙarnin da ya wuce. Amma 'yan littattafan da ake bugawa yanzu don tunawa da malamai, irin waɗanda ake rabawa wurin maulidi ko walimar sauka, na karanta da dama, tsalle suke yi su wuce shi. An haife shi, ya yi karatu, ya karantar, yana da haƙuri da kyauta, ya rasu ya bar 'ya'ya kaza. Ka cire sunan ka sa wani, babu abin da zai canja. Mun ɗauko aibin littafin tunawa na Turawa, wato yabo, mun bar musu abin da ya sa nasu yake da amfani, wato shekara da wasiƙa da lissafi.

Ba Musulmi kaɗai abin ya shafa ba. Wannan yanki yana da nasa limaman coci na karkara, Hausawa, 'ya'yan manoma, masu wa'azi da Hausa a ƙauyukan da ake kira na Maguzawa, har cocin Angalika ya ba Ikara bishop nata. Tushen abin ya kai shekara ɗari. A 1913 wasu daga cikin Isawa, almajiran wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda matsayin da ya ba Annabi Isa, suka zo wurin Miller a Zariya. Aka kafa musu zama a Gimi, ciwon barci ya shiga ya yi musu ɓarna, waɗanda suka tsira da yawa suka koma wajen mishan a Zariya, wadda ta tare a Wusasa wajen 1929. Labarinsu ya tsira daidai gwargwado saboda Miller marubuci ne kuma mishan tana ajiye wasiƙa. Amma shi ma ta bakin Bature ya fi fitowa. Faston ƙauyen da ya yi shekara arba'in yana hawa keke tsakanin coci uku, jikokinsa ba su fi jikokin liman sanin shekarar haihuwarsa ba.

Wani zai ce ai abin ya wuce, tun da ba a rubuta ba. Ban yarda ba. A 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a Giwa da Zariya tana rubuta abin da take faɗa, aka buga shi a 1954 da sunan Baba ta Karo. Tsohuwar ba ta san shekarar haihuwarta da lissafin Bature ba, amma ta san wa ya auri wa, wace shekara mahara suka zo, wane ne ɗan baiwa, nawa aka biya fansa. Har yau masana na duniya suna komawa gare ta. Mu ma muna da hanyar sa shekara ko babu rajista. Mutanenmu suna lissafi da abin da ya faru: yunwar Kakalaba ta wajen 1914, shekarar da aka kashe Sardauna 1966, canjin hannu 1972, canjin kuɗi 1973. Idan aka ce an naɗa liman shekara biyu bayan canjin kuɗi, an gama magana. Wanda ya san ranar mako da kwanan wata na Hijira, kamar yadda suke a warƙar nan, ya kuma san zamanin da abin ya faru ko da kusa-kusa, zai iya zama da kalanda ya rage shekarun da za su dace zuwa biyu ko uku. Ga kuma rahotannin kimanta haraji da littattafan gundumomi da Turawan mulki suka bari, suna nan a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, ga Gidan Arewa, ga tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami a Jami'ar Ahmadu Bello.

A ranar nan ta gaisuwa, da na ga ɗan liman ya kai iyakarsa, sai wani yaro ya ce a tambayi Gwaggo. Ƙanwar mamacin ce, tana zaune a tsakar gida kan tabarma, mata sun kewaye ta. Aka yi mini iso, na durƙusa na gaishe ta, na karanta mata layukan ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan na farko cikin huɗun da ba su da suna, ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Wannan yayarmu ce, wadda aka kai Kudan. Ta gaba ba ta yi kwana arba'in ba ta koma. Ta ukun ni ce."

Na ce, "Gwaggo, zancen Barno fa?"

Ta yi dariya har tana riƙe haɓa. Ta ce, "Ɗan nan, karatu ya je. Mu dai a nan muka ji an ce an binne cibiyarsa. Uwarsa kuwa ba Bahausa ba ce, amma wannan mazan ba sa so a faɗa."

Cikin abin da bai kai awa ɗaya ba ta ba ni sunayen limamai huɗu a jere, da matansu, da garuruwan da aka auro su, da shekarar da aka raba masallaci da wanda ya fara daina gaishe da wani. Ɗanta na cikinta yana gefe yana ta mamaki, ya ce shi bai taɓa ji ba. Ta ce ai bai taɓa tambaya ba.

Saboda haka kirana ga 'yan makarantarmu ne, musamman masu neman abin da za su rubuta kundin kammala digiri ko na NCE a sashen Hausa da Tarihi da Nazarin Addini, waɗanda kullum ake ba su batutuwan da aka tauna aka zubar. Ga gidan limamin garinku, ga gidan faston ƙauyen da ke maƙwabtaka da ku. Ku nemi izini a buɗe gafaka, ku ɗauki hoton warƙar farko da ta ƙarshe da wayarku. Ku tambayi wurin wa aka yi karatu, da me aka ci, da wa aka yi faɗa. Ku rubuta karamar kamar yadda aka faɗe ta, amma ku sa sunan wanda ya faɗa. Kuma in kun gama da zaure kada ku juya, ku nemi iso ku shiga cikin gida wurin su Gwaggo tun suna nan.